Malamina ya tsawata mini a gaban ɗalibaina saboda na yi bayanin lissafi da Hausa

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a Jihar Jigawa, shekarata ta biyu ke nan da kama aiki. A wannan zangon aka ba ni 'yan SS1 na ɓangaren kimiyya, su 62 a aji ɗaya, in koya musu lissafin zurfi, wanda ake kira Further Maths. Mun yi mako biyu a kan rileshin da fankshin, wato babin dangantaka tsakanin abubuwan rukuni biyu, wadda ake nunawa da zanen kibiya daga wannan rukuni zuwa wancan. Na rubuta ma'ana a allo, sun kwafa, sun haddace, in na tambaya sai su amsa baki ɗaya kamar masu biya karatu. Da na yi gwaji, tara kaɗai suka kai rabin maki. Wasu sun ɗauka f(x) yana nufin f sau x. Da yawa kuma in suka ga kibiya biyu sun sauka wuri ɗaya sai su rubuta cewa ba fankshin ba ne.

Ganin haka sai na sake darasin ina haɗawa da Hausa, kuma na ga alamar sun fara ganewa. Ina cikin bayani shugaban sashenmu ya leƙo. A gaban yaran ya ce ba a ɗauke ni aiki don in yi banakula ba, WAEC ba da Hausa ake rubuta ta ba. Baba, wannan mutumin shi ya koya mini lissafi lokacin da nake sakandare, kuma suna mutunci da mahaifina, don haka ko uffan ban ce ba. Tun ranar nan sai dai in shiga in rubuta musu not su kwafa in fita. Shekaranjiya wata yarinya mai ƙoƙari ta tambaye ni, "Malama, wai me za mu yi da wannan abin a rayuwa?" na rasa amsar da zan ba ta. Ina tunanin in roƙi shugabar makaranta ta mayar da ni ƙananan azuzuwa, ko kuma in kai ƙararsa. Ina mafita?

Malama H., Jihar Jigawa

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da fama, Allah ya ba da ladan alli. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na gani shi ne kin ɗaure kaya biyu da igiya ɗaya. Akwai maganar yara 53 da ba su kai rabin maki ba, akwai kuma maganar kunyar da aka ba ki a gaban aji. Ki lura da kyau: da sakamakon gwajin ya fito ba ki karaya ba, zama kika yi kika nemo wata hanya, kuma hanyar ta fara aiki. Ranar da aka tsawata miki ce kika ajiye koyarwa kika koma ba da kwafi. To ashe lissafin bai fi ƙarfinki ba. Ranki ne ya ɓaci, kuma yana da dalilin ɓaci.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, malaminki ya yi kuskure a yadda ya yi maganar. Mutuncin malami a idon ɗalibai kayan aiki ne kamar alli da allo, in aka taɓa shi aji ya taɓu. Gyara irin wannan a ofis ake yin sa, bayan an tashi, ƙofa a rufe. Shirun da kika yi kuwa daidai ne, don da kin mayar masa da magana a gaban yaran da yanzu wata wasiƙar daban kike rubuto mini.

Amma ki ɗan tsaya a inda yake tsaye. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ganin sakamakon WAEC da NECO ya san wani abu mai ciwo: akwai yaran da suka iya lissafin sarai, amma in aka miƙa musu takardar jarrabawa ba sa gane abin da tambayar take nema, saboda Turancinta ya tsaya musu a wuya. Ya kuma ga malaman da suka fara da "bari in ɗan fassara muku", kafin zango ya ƙare darasin gaba ɗaya ya koma hira da Hausa, yaro ya kai SS3 bai taɓa furta jimlar lissafi ɗaya da Turanci ba. Shi minti ɗaya ya leƙo, bai ga farkon darasin ba, bai ga takardun gwajin ba. Abin da ya daɗe yana tsoro shi ya zaci ya gani. Sai ki ƙara da wannan: a idonsa har yanzu ke ce yarinyar nan da ke zaune a benci yana duba mata aikin gida. Da wata malamar ce da bai koyar da ita tana ƙarama ba, mai yiwuwa da ya tauna maganar kafin ya furta. Wannan ba ya wanke shi, amma zai taimake ki ki san da wa za ki yi magana.

Kafin mu koma kansa bari mu shiga ajin, don can ne aikin yake, kuma abin da za ki samo a can shi za ki riƙe a hannu ranar da za ki same shi.

Kada sakamakon nan ya sa ki raina yaranki. Leibniz, masanin nan na Jamus, ya fara amfani da kalmar fankshin a 1673. Sai a 1734 Euler ya kawo rubutun f(x) ɗin nan da yake ruɗa 'yan ajinki. Ma'anar da ta yi kusa da wadda kika rubuta a allo kuwa, cewa kowane x yana da y guda ɗaya tak ko da babu wata dabarar lissafi da ta haɗa su, ana danganta ta ga Dirichlet a 1837. Fiye da shekara 160 manyan masana suna juya abin kafin ya zauna, mu kuma muna so 'yar shekara goma sha biyar ta haɗiye shi a mako biyu. Kuma shi wannan babi ya bambanta da duk abin da suka saba. Tun daga firamare lissafi a wurinsu shi ne a ba ka lambobi ka nemo amsa. Yau an ce musu ga zane, ku yanke hukunci, fankshin ne ko ba shi ba ne. Babu tarawa, babu ɗebewa. Dole su koma ga abin da suka iya, wato hadda.

Duk babin nan a kan magana ɗaya yake tsaye: duk wanda aka tambaya yana da amsa, kuma amsarsa ɗaya ce. In wannan ta zauna, sauran duk rassa ne. Abin daɗin shi ne yaranki sun san wannan magana tun kafin su shigo makaranta, sunanta ne kawai ba su sani ba. Ki shiga aji ba tare da littafi ba. Ki rubuta sunayen yara biyar a hagu, sunayen iyaye mata a dama, ki tabbata a cikin yaran akwai Hassana da Usaina. Ki ce wata ta fito ta ja kibiya daga kowace yarinya zuwa ga mahaifiyar da ta haife ta. Kibiyar Hassana da ta Usaina za su sauka wuri ɗaya. Sai ki tambaye su, akwai matsala? Za su ce babu, ai tagwaye ne. Ki sake tambaya, to zai yiwu kibiya biyu su tashi daga kan Hassana, ɗaya ta je wurin wannan mata ɗaya ta je wurin waccan? Za su yi dariya su ce uwa ɗaya ce ke haihuwar mutum. Zai yiwu a sami yarinyar da babu kibiyar da ta tashi daga kanta? A'a, kowa haifarsa aka yi. Shi ke nan, da bakinsu sun faɗi ma'anar fankshin, kuma sun warware kuskuren da kika ce ya fi yawa a gwajin. Laifi yana wurin tashin kibiya, wurin saukarta ba ruwan kowa.

Daga nan ki juya kibiyoyin, daga uwa zuwa 'ya'ya. Mahaifiyar tagwaye kibiya biyu za su tashi daga kanta. Dangantakar tana nan, gaskiya ce, amma in aka ce "wace ce 'yar wance?" amsar ba ɗaya ba ce. Wannan rileshin ne wanda bai kai fankshin ba. Da zane ɗaya sun ga cewa kowane fankshin rileshin ne, amma ba kowane rileshin ne fankshin ba, jimlar da na tabbata sun haddace ba su san abin da take nufi ba. Gargaɗi ɗaya: ki yi amfani da sunayen da kika ƙirƙira, ba na 'yan ajin ba, domin a cikin yara 62 ba za a rasa marainiya ba, ko wadda ke hannun kishiyar uwa. Akwai malaman da ke kawo misalin miji da matansa, kuma a lissafe misalin daidai yake, amma a ajin 'yan mata zai janye hankalinsu zuwa wata hira. Ni dai na fi son a bar shi.

Washegari ki kawo wanda za su tashi tsaye. Ki rubuta ranakun mako bakwai a kan kwali, ki manna a bango, ki ce kowace ta je ta tsaya ƙarƙashin ranar da aka haife ta, bayan kin sa sun tambayo a gida. Su Jummai da Talatu da Asabe da Ladi ma sunansu ya riga ya tona musu asiri. Babu wadda za ta iya tsayawa wuri biyu. Yaran su ne domen, ranaku bakwai ɗin su ne kodomen. In kin yi da yara goma kacal, da wuya a ce kowace rana ta sami mai tsayawa. A ce babu kowa a ƙarƙashin Laraba. To ranakun da suka sami mutane su ne renj, Laraba tana cikin kodomen amma ba ta cikin renj. Na ga malamai suna kashe darasi guda a kan wannan bambanci da alli, alhali kwalin da ya tsaya shi kaɗai a jikin bango ya isa.

Misalin fankshin na ɗaya-ga-ɗaya kuwa, inda kibiya biyu ba sa sauka wuri ɗaya, jiha da babban birninta: Jigawa Dutse, Zamfara Gusau, Yobe Damaturu, Taraba Jalingo, Borno Maiduguri. Jihohi 36, kowace da birninta, babu biyu da suka yi tarayya, don haka ko an juya kibiya abin yana nan daram. Wannan shi zai zama ƙofar shiga babin juya fankshin in lokacinsa ya zo. Sai kuma tambayar da nake so ki ajiye wa masu kaifin kai irin yarinyar da ta yi miki tambaya. Ƙananan hukumomin Najeriya 774 ne, Jigawa tana da 27, Kano 44, kuma kowace ƙaramar hukuma a jiha ɗaya take. Fankshin ne, babu gardama. To amma in sunan ƙaramar hukumar kawai aka ba ka fa? Akwai Nasarawa a cikin birnin Kano, akwai kuma ƙaramar hukumar Nasarawa a Jihar Nasarawa. Suna ɗaya, amsa biyu. Ki bar su su yi musu a kai. Duk wadda ta gano cewa hukuncin ya danganta da abin da aka zuba a domen, ƙananan hukumomin ne ko sunayensu, ta fahimci abin da wasu ba sa fahimta sai a jami'a.

Sai bayan wannan duka za ki kawo lambobi, kuma a nan ne za ki yi maganin f sau x. Ba laifinsu ba ne, shekara uku ana gaya musu cewa harafi in ya jingina da baka to ninkawa ake nufi, kamar a(b + c). Yanzu ga f(x), ina za su san an sauya doka? Ki jinkirta harafin f na kwana ɗaya. Ki rubuta cikakkiyar kalma: uwar(Hassana), birnin(Yobe). Babu yarinyar da za ta ce a ninka birni da Yobe. Daga nan ki ce mun gaji da dogon rubutu, bari mu taƙaita "birnin" ya koma b, ga b(Yobe). Sannan f(3). Ki nuna musu f sunan aikin ne, abin da ke cikin baka shi aka miƙa wa aikin. Injin niƙa misali ne mai kyau a nan, ka zuba masara ka sami garin masara, ka zuba dawa ka sami garin dawa, kuma injin da za a zuba wa masara yau ya ba da gari gobe ya ba da wani abu daban babu mai kai masa niƙa.

Akwai wani kuskuren da ke biye da wannan, gara ki tare shi tun bai iso ba, wato su ɗauka f(1 + 4) daidai yake da f(1) + f(4). Ki ce musu a ce mai kura yana karɓar naira 300 kuɗin fitowa, da naira 200 a kan kowane buhu. Aikin shi ne f(x) = 200x + 300. Buhu biyar a tafiya ɗaya naira 1,300. In aka raba, yau buhu ɗaya gobe huɗu, 500 da 1,100, jimla 1,600. Kowace yarinya da aka taɓa aika kasuwa za ta gaya miki inda naira 300 ɗin ta shiga: an biya kuɗin fitowa sau biyu. In kika zo haɗa fankshin biyu kuma, surfe da niƙa sun ishe ki. A surfa sannan a niƙa daban yake da a niƙa sannan a ce za a surfa. Da lambobi, in f(x) = 2x + 3 kuma g(x) = x², to f(g(2)) zai ba da 11, g(f(2)) kuma 49. Juyawa ma haka: ka rufe ƙofa ka sa kwaɗo, in za ka buɗe kwaɗon za ka fara cirewa. Zafin Dutse in ya kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, a ninka da 9, a raba da 5, a ƙara 32, ya zama 104 a Farenhait. Komawa baya sai a fara da ɗebe 32, abin da aka yi a ƙarshe shi ake fara warwarewa.

Layin tsaye da ake ja a kan giraf don gwada fankshin, ki bar shi sai can ƙarshe. In aka koyar da shi da wuri sai ya zama wani tsafi, su ja layi ba su san dalili ba. Ki ba su x² + y² = 25, ki ce x ya zama 3, su nemo y. Za su kawo 4. Ki yi shiru ki jira har wata ta ce −4 ma ya yi. Sai ki ce, ga Hassana da uwa biyu. Daga nan layin tsaye ya zama hanyar ganin wannan da ido kawai.

Yanzu maganar harshe. Ra'ayina shi ne ku biyun kowa ya riƙe rabin gaskiya. Tsakanin shekarar 1970 da 'yan shekarun da suka biyo baya, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun gwada koyar da yaran firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Wannan ya nuna harshen gida ba abokin gabar ilimi ba ne. Amma firamare ce aka yi gwajin a kanta, ke kuma 'yan SS1 gare ki waɗanda shekara biyu da 'yan watanni suka rage su zauna jarrabawa da Turanci. Saboda haka kada ki ɗauki sunan Fafunwa ki je ki kafa wa malaminki hujja da shi, gardama kawai za ki tayar. Abin da nake ba ki shawara shi ne ki yi wa Hausar iyaka da kanki, tun kafin wani ya yi miki. A darasin minti arba'in, minti biyar zuwa goma na buɗe sabuwar magana su zama da Hausa in an buƙata. Duk abin da ya hau allo da Turanci. Duk abin da ya shiga littafinsu da Turanci. Kafin a tashi, yara uku ko huɗu su miƙe su faɗi abin da aka gane da Turancinsu, komai karyewarsa, ba da jimlar littafi ba. A rufe da tambaya ɗaya daga tsofaffin takardun WAEC ko NECO, a karanta ta da ƙarfi, a tsaya a kan kalmomin da suke ba da umarni. Misalan uwa da 'ya da ranakun haihuwa ma, in kin duba, yawancinsu za su tafi da sauƙaƙan Turanci, don abin da ya sa suke aiki shi ne yaran sun san rayuwar da ke cikinsu.

Da yara 62 ba za ki iya duba littafin kowa kullum ba, kada ma ki ɗora wa kanki. Ki yanka takarda ƙanana, minti uku na ƙarshe kowace ta zana misali ɗaya na fankshin da ɗaya wanda ba shi ba, na kanta, ban da wanda kika bayar. A hanyar ofis za ki iya raba su kashi biyu, waɗanda suka gane da waɗanda ba su gane ba. Tara ɗin nan da suka ci gwaji kuwa ki rarraba su cikin benci-benci, su zama mataimakanki.

To sai malaminki. Kada ki fara da shugabar makaranta. In kika tsallake shi kika kai ƙara, ko an ba ki gaskiya kin yi asarar mutumin da za ki ci gaba da zama ƙarƙashinsa, maganar kuma za ta iya isa gida wurin mahaifinki ta zama wata aba. Shi ma mahaifin naki kada ki sa shi a ciki yanzu, maganar aiki ce, a bar ta a wurin aiki. Ki sami malamin shi kaɗai, lokacin da ba shi da aji, ki gaishe shi yadda kika saba, ki ajiye masa takardun gwajin nan a gabansa. Ki ce, "Malam, ga abin da yaran nan suka rubuta mini, na rasa yadda zan yi da su, shi ya sa ranar nan ka same ni ina haɗawa da Hausa. Ina so ka duba ka ba ni shawara." Ki bar shi ya karanta f sau x da idonsa, gani ya kori ji. Sannan ki gaya masa tsarin da kika yi, cewa allo da littafi da tambayoyi duk da Turanci za su kasance, ki roƙe shi ya ba ki mako biyu, ya zo ya zauna a bayan aji ranar da ya ga dama, a ƙarshe shi da kansa ya fitar da tambayoyin gwaji na biyu. Malamin da aka ce ya fitar da tambaya an mayar da shi abokin aiki, kuma zai so ya ga sakamakon. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, malaminki ne.

Maganar kunyar da ya ba ki ma kada ki haɗiye ta gaba ɗaya, don abin da aka haɗiye da ɗaci yakan dawo. Amma ki bar ta sai ƙarshen zaman, bayan fuska ta saki, ki faɗe ta a jimla ɗaya: "Malam, in na yi kuskure nan gaba, don Allah ka kira ni ofis ka gyara mini, yaran nan tun ranar suke mini wani kallo." Ba lallai ya ce ki yi haƙuri ba, manyanmu ba su cika furta wannan ga na ƙasa da su ba. In kika ga ya sauya hali, ko ya fara turo miki littafi, ko ya tsaya yana tambayarki yaya ajin, to ban-haƙurin ke nan, ki karɓa.

In kuma ya kafe cewa ko kalma ɗaya ta Hausa ba ya so a aji, ki bi umarninsa a cikin aji, ba a rasa hanya ba. Zanen kibiya da kwalayen bango ba su da yare. Ki bar yaran su tattauna a bencinsu minti biyu kafin su ba da amsa, da wane harshe za su yi wannan ba ke kika sa su ba. Wadda ta biyo ki bayan darasi kuma ki yi mata bayani yadda za ta gane. Sai fa in ya sake muzanta ki a gaban ɗalibai bayan kin same shi cikin ladabi, a nan ne za ki nemi wata babbar malama da yake jin nauyinta, ko mataimakiyar shugaba mai kula da karatu, ta shiga tsakani. Komawa ƙananan azuzuwa ba abin kunya ba ne, can ma ana neman ƙwararru, wataƙila ma fiye da nan. Amma in za ki koma, ki koma don kina so, a ƙarshen shekara, kada ki tafi a tsakiyar zango da ɓacin rai ki bar yara 62 da littafi cike da kwafi. Ki tuna kuma a makarantar 'yan mata, ganin mace tsaye tana koyar da lissafin zurfi shi kansa wani darasi ne da ba ya cikin manhaja.

Saura yarinyar da ta yi tambaya. Ki koma mata, ki ce kin yi tunani a kan tambayarta, wannan kaɗai zai ɗaga ta. Ki tambaye ta abin da aka koya musu a Islamiyya game da zakkar tumaki da awaki. Ƙasa da 40 babu komai, daga 40 zuwa 120 akuya ɗaya, daga 121 zuwa 200 biyu, daga 201 uku. Mai 50 da mai 110 abu ɗaya za su fitar, amma babu makiyayin da za a ba hukunci biyu a kan garke ɗaya. Ki sa ta zana shi a giraf, za ta ga matakala. Haka makin jarrabawa: 50 zuwa 54 C6 ne, 75 zuwa sama A1, kowane maki da matsayinsa ɗaya, amma in aka ce wance ta sami A1 ba za ka iya sanin ko 76 ta ci ko 98 ba, shi ya sa wannan fankshin ɗin ba ya juyuwa. Layin waya ma haka, kowane layi da lambar NIN ɗaya aka haɗa shi, amma mutum ɗaya yana iya mallakar layi fiye da ɗaya. In likita take so ta zama, yawan maganin da ake ba ƙaramin yaro sau da yawa da nauyinsa ake lissafa shi. In kwamfuta take sha'awa, masu rubuta manhaja da wannan kalmar ta fankshin suke aiki kullum. A SS2 da SS3 kuma duk lissafin sauyi da za su yi a kan wannan babin zai hau.

Ranar Litinin ki shiga da Hassana da Usaina, ranar Talata da kwalayen bango, kafin Alhamis ki sami malaminki. In an yi gwaji na biyu ki rubuto mini, ina so in ji nawa suka haye, kuma ina so in ji abin da yarinyar nan ta ce a kan tambayar Nasarawa. Ki gaishe mini da mahaifinki.